Daga Fagge Zuwa Titin Mishan: Ciwon Da Ke Ƙuryar Ido

Wanda ya shiga Fagge da hantsi ta wajen Kantin Kwari zai tarar da unguwar da ke cin abinci da idonta. Mai shadda ya ɗaga turmi sama, ya karkata shi wajen rana don mai saye ya ga sheƙi. Ɗan canji a Wapa ya kanga takardar kuɗi da haske yana neman zaren da ke ciki. A lunguna kuwa teloli ne sunkuye kan keke, masu aikin wuya suna bin zane da allura ba sa ɗagowa sai an yi musu sallama. Masana tarihi na danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, lokacin da nan ne zangon Buzaye da fataken da ke sauke kaya a bayan ganuwa kafin su shiga birni. Raƙuma sun daina zuwa, amma tantance kaya da ido yana nan yadda yake. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a nan kimar ce jarin mutum.

Na zo daga Zariya ne saboda kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa a ɗinkin manyan riguna a wani lungu da ke bayan masallacin Juma'a. Ya daɗe da ciwon suga, yana shan magani idan ya tuna, yana bari idan jiki ya yi daɗi. Labarin da ya iso mana gida shi ne ya fara miƙa wa yaran shago allura su zura masa zare. Da na zauna kusa da shi sai ya ƙara mini da abin da bai faɗa wa kowa ba. Layin ɗinkin da ya san miƙaƙƙe ne sai ya riƙa ganinsa a karkace. Idan ya kalli fuskar mutum yana ganin hula da kafaɗu, amma tsakiyar fuskar ta dushe. A aljihun tebur akwai tabarau iri-iri da ya saya wajen masu talla, kowanne ya fi na baya ƙarfi, babu wanda ya yi masa rana.

"Kawu, yaushe rabon da likita ya duba maka idon nan?"

"Wane likita, ɗan nan? Duba ka gani, fes yake. Ba yana, ba ja, ba ƙaiƙayi. Shekaru ne kawai."

Gaskiyarsa, idon fes yake, kuma abin da ya tayar mini da hankali ke nan. Yanar ido kowa na ganinta, ko yaro zai ce idon Baba ya yi fari. Amma gani ba a gaban ido ake yinsa ba. Can ciki, a bangon baya na ƙwayar ido, akwai wani tantani da likitoci ke kira ritina, wanda a inda ya fi kauri ma bai wuce wajen rabin milimita ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin kama haske kusan miliyan 100. Mafi yawansu na gani a duhu-duhu ne, wajen miliyan 5 kuma su ne na launi da ƙananan abubuwa, kuma sun fi taruwa a wani ɗan fili na tsakiya mai suna makula, faɗinsa milimita 5 da ɗoriya. Da wannan ɗan filin ake karatun Alƙur'ani, da shi ake gane fuska, da shi ake zura zare. Suga idan ya daɗe yana hawa yakan raunana ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ritina, su fara tsiyayar ruwa da jini, makula ta kumbura. In abin ya yi nisa sai wasu sababbin hanyoyin jini marasa ƙwari su tsiro, su fashe, ko su janyo tantanin ya ɓamɓare. Ritina ba ta jin zafi. Mutum na iya shekaru ana wannan ɓarna a cikin idonsa yana cewa lafiya lau.

Washegari da sassafe muka tari A Daidaita Sahu. Muka bi ta Wapa, muka shiga ƙarƙashin gadar sama ta titin Murtala Muhammad, inda motocin kaya da 'yan dako da masu kura suka cika hanya. A 'Yan Kura an baje karas da alayyahu da zogale, ga jarkokin manja a jere. Na nuna wa kawu na ce wannan layin ma kantin maganin ido ne, ya yi dariya. Ba wasa nake yi ba. A 1933 wani matashin masani ɗan Amurka, George Wald, ya gano akwai bitamin A a cikin ritina, sannan ya shafe shekaru yana warware yadda haske ke taɓa sinadarin da ke ɗauke da shi har saƙo ya tashi zuwa ƙwaƙwalwa. A kan wannan aka ba shi kyautar Nobel a 1967. Aikinsa ne ya bayyana dalilin dundumi, wato yaro ya riƙa laluben bango da zarar magariba ta yi: idan jiki ya rasa bitamin A, ƙwayoyin ganin duhu ne ke fara gazawa. Jan ɗigon da ake matsa wa yara a baki lokacin rigakafi a unguwanninmu yana da alaƙa da wannan ilimin, ko da uwar da ta miƙa ɗanta ba ta taɓa jin sunan Wald ba.

Daga Bata muka sauka don kawu ya ce sai ya biya wajen mai sayar masa da zare. Sabon Gari unguwa ce da jirgin ƙasa ya haifa. Dogo ya iso Kano a 1911, ba da jimawa ba Turawa suka yanka fili a wajen gari don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo shi daga kudu da sauran ƙasashen gaɓar teku. Sunayen titunan har yau suna ba da labarin: France Road, Igbo Road, Yoruba Road, Gold Coast. A bakin kasuwar, wadda sunanta na hukuma Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, na tsaya gaban wani mai tiren tabarau. Yana da guntun jarida a hannu. Mai saye zai saka wannan ya karanta, ya cire ya saka wancan, har ya dace da wanda rubutu ya fito masa. Ban raina sana'ar ba, domin wanda ya haura arba'in kuma matsalarsa ganin kusa ne kawai, wannan tiren ya wadatar da shi da kuɗi kaɗan. Illar ita ce mai ciwon ritina ma nan yake zuwa, ya sayi lokaci da tabarau, alhali lokacin ne ba shi da shi.

Akwai kuma maganin ɗigawa. Manyan dilolin magani da suka daɗe a Sabon Gari an mayar da su Dangwauro a 2024, amma ƙaramar kwalbar da ke washe jan ido cikin kwana biyu ba ta wahalar samu a ko'ina. Da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda in aka daɗe ana ɗiga shi ba da umarnin likita ba yakan hau da matsin ido ya kawo gilakoma, ya kuma gaggauta yana. Kawu ya ce wani mai kemis ya taɓa ba shi irinta, ya ɗiga har kwalba ta ƙare.

Asibitin ido na ECWA yana daf da Sabon Gari, a titin da ake kira Mission Road. Mishan ɗin SIM ne suka buɗe shi a 1943 ƙarƙashin Dakta Douglas Hursh, ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin ido a Afirka ta Yamma. A farfajiyar za ka ji Hausar Damagaram da ta Maraɗi, ka ji Fulatanci da Barbarci da Larabcin Chadi. Dattawa riƙe da sanda, jikoki riƙe da ɗaya bakin sandar. Wasu da farin bandeji a ido ɗaya suna zaune jiran a buɗe musu. Na ga wata tsohuwa da aka cire wa nata, ta juya ta kalli 'yar da ta kawo ta, ta kama gefen mayafinta tana faɗin launinsa da ƙarfi kowa na ji. Aikin yana ke nan: a fitar da gilashin idon da ya yi fari a saka na roba, dabarar da Harold Ridley ya fara gwadawa a Landan a 1949.

Dalilin da ya sa aka fi ba yana ƙarfi a bayyane yake. Tsakanin 2005 da 2007 an yi binciken makanta na ƙasa baki ɗaya a Najeriya, aka duba mutum 13,599 'yan shekara 40 zuwa sama. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai likitocin ido 'yan arewa irin su Fatima Kyari da Mansur Rabi'u da Abdull Mahdi, tare da masana daga Landan. An samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, wato sama da mutum miliyan ɗaya a faɗin ƙasa, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar ana iya kauce mata ko a warkar. Yana ce ta ɗauki kashi 43, gilakoma na biye da kusan kashi 17. Binciken ya kuma nuna cewa cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, sama da kashi 40 aikin gargajiya ne, wanda ake soka tsinke a tura yanar ta faɗa cikin ido, kuma mafi yawan waɗannan idanun sun ƙare a makance. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani sakamako ne da bai yi amo ba: cikin waɗanda aka samu da ciwon suga, kusan rabi ba su san suna da shi ba sai ranar.

Da layi ya zo kanmu, ma'aikaciyar jinya ta sa kawu ya karanta allon haruffa, ta gwada matsin idon, sannan ta ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido ta ce mu jira. Cikin rabin sa'a baƙin tsakiyar idonsa ya buɗe ya kusa cinye ruwan ƙasa-ƙasan da ke kewaye da shi, ya fara kare fuska da hannu saboda haske. A ɗaki mai duhu likita ya sa ya ɗora haɓa a kan na'ura, ya riƙe wani ɗan gilashi a gaban idon da yatsu biyu, ya ce kalli sama, kalli ƙasa, kalli kunnena. Ya daɗe a idon dama. Sannan ya jawo takarda ya zana da'ira, ya ɗiɗɗiga mata ja nan da can, ya yi wasu ɗigo a zagaye kusa da tsakiya.

"Baba, shekara nawa ke nan da aka ce kana da suga?"

"Ta fi goma, likita."

"A cikinsu an taɓa ɗiga maka wannan maganin aka leƙa ciki?"

"Yau ne farko."

Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce makular dama ta kumbura, ta hagu ta fara, za a ɗauki hoton ƙuryar idon don a auna kumburin, daga nan a yanke shawara tsakanin allura da leza. Ya ce abin da ya rage ana iya tsare shi, wani abin ma ya dawo, amma da sharaɗin suga da hawan jini su sauka su zauna.

Kowane abu da aka yi a ɗakin nan yana da mai shi. Leƙa cikin idon mai rai ya samo asali daga madubin da Hermann von Helmholtz ya bayyana a Jamus a 1851. Ƙona wuraren da suka lalace a ritina da haske wani likita ne a Hamburg, Gerd Meyer-Schwickerath, ya fara shi a 1949, bayan ya lura da tabon da kallon husufin rana ke bari a ido. Da hasken rana ya fara, yana tattaro shi da madubai daga rufin asibiti, kafin leza ta zo ta karɓi aikin. A 1976 wani babban gwaji a Amurka ya tabbatar cewa wannan ƙunar tana rage haɗarin mummunar makanta da fiye da rabi ga masu sugan da ciwon ya yi nisa. Hoton da ke nuna kaurin ritina dalla-dalla ya fito daga aikin James Fujimoto da David Huang a 1991. Allurar kuwa daga Napoleone Ferrara ta taso, ɗan Italiya da ya ware sinadarin da ke sa hanyoyin jini tsirowa a 1989. Daga nan aka samu Lucentis a 2006, likitoci kuma suka gano cewa Avastin, maganin ciwon daji mai sauƙin kuɗi idan aka rarraba shi, yana yin aiki makamancin haka a ido. Allurar ba sau ɗaya ake yi ba. Akan maimaita ta wata-wata a farko, kuma ga tela kuɗin kowace ɗaya na iya lashe ribar ɗinkin makonni.

Waɗannan su ne sunayen da duniya ke ƙirga yawan takardunsu da yawan waɗanda suka ambace su. Ba na ja da girmansu. Sai dai babu ɗayansu da zai gaya maka halin da idon Bakano yake ciki, kuma wannan aikin wasu ne suka yi shi a nan gida, da kayan aiki kaɗan, a tsakanin ganin marasa lafiya da koyar da ɗalibai. Farfesa Abdu Lawan na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikinsu. A 2002 ya wallafa binciken makanta a ƙaramar hukumar Dambatta. A 2007 ya rubuta a kan yadda masu gilakoma ke zuwa asibiti a Kano, inda ya nuna da yawa sai gani ya riga ya tafi suke isowa. A 2011 shi da abokin aikinsa suka rubuta a kan kansar ritina ta yara, a 2012 kuma a kan ciwon ritina na masu suga, inda aka samu wajen mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka duba yana da shi, daidai da ƙiyasin duniya. Tun kafin su, Farfesa Adenike Abiose, wadda ta shugabanci Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ta rubuta a kan cututtukan ritina a Legas a shekarun 1970, sannan a 1993 ita da abokan aikinta suka nuna a ƙauyukan jihar Kaduna cewa shan ivermectin duk shekara yana kare jijiyar gani daga cutar makantar rafi.

Irin waɗannan takardu ba su cika samun kyauta ba. Amma da su ne shugaban sashe zai shiga ofis ya ce a sayi na'urar leza, da su ne za a tura matashin likita ya ƙware a tiyatar ritina, da su ne za a ƙaryata mai cewa wannan ciwon na ƙasashen masu kuɗi ne. A ganina mai ƙirga marasa lafiyar garinsa da gaskiya, ya rubuta abin da ya gani, ya yi rabin aikin, kuma bai kamata a auna shi da ma'aunin mai ɗakin gwaji a Amurka ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sauran rabin. Daga asibitin koyarwa zuwa shagon kawu tafiyar A Daidaita Sahu ɗaya ce, amma sama da shekara goma bayan binciken masu suga na 2012, saƙonsa bai iso lungun ba. Takardun da Turanci suke, a mujallun da likitoci kaɗai ke buɗewa. Alhali abin da suke cewa bai fi jimla biyu ba. Duk wanda aka ce yana da suga, a ɗiga masa magani a leƙa ƙuryar idonsa tun daga farko, sannan duk shekara, ko da yana gani garau. Mai kemis ɗin da ke soka masa yatsa yana gwada suga zai iya faɗa masa, liman zai iya faɗa bayan salla, gidajen rediyon Kano da ba a rasa su a kowane shago za su iya maimaitawa kullum.

Haka ma kansar ritina ta yara. Alamarta ta farko wani farin ƙyalli ne a tsakiyar idon jariri ko ɗan yaye, kamar idon mage da dare, wanda uwa kan hango da magariba ko ya fito a hoton waya idan fitila ta haska. A ƙasashen da ake kai yaro da wuri, fiye da tara cikin goma suna rayuwa. Abin da aka rubuta a Kano shi ne yawancin yaran sai ido ya kumbura ya fito waje ake kawo su, lokacin da ciwon ya riga ya bi jijiya ya wuce. Na ga wani uba a farfajiyar asibitin riƙe da yaron da bai fi shekara uku ba, an rufe masa rabin fuska da ƙyalle. Ban tambaye shi ba, amma na kasa daina tunanin watannin da suka wuce kafin yau, da irin magungunan da aka gwada a cikinsu.

Akwai na uku da ya shafe mu ƙwarai, wato sikila. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na nau'in jinin da ke nuna sikila, don haka mutane da yawa yanzu sun san nasu. Kowa na tsoron SS, ana ɗaukar SC a matsayin mai sauƙi tunda ba ya yawan kwantar da mutum. A ido kuwa akasin haka ne: masu SC sun fi masu SS saurin samun toshewar hanyoyin jini a gefen ritina, da zubar jini, da ɓamɓarewar tantani, kuma yakan same su ne a ƙuruciya, suna tsakiyar neman na kansu. Wanda ya karɓi takardar gwajin ya ga SC, kamata ya yi a nuna masa ƙofar likitan ido a ranar.

Bayan azahar muka kamo hanyar komawa. Kawu ya ja hula ya rufe goshi, idonsa a runtse saboda maganin bai sake shi ba, ni na riƙe masa hannu muka tsallaka titi a Bata. A shago maƙwabta suka taru jin yadda aka yi. Ya zaro takardar da likita ya yi zane ya baje a kan teburin yanka, yana nuna musu jajayen ɗigon da bakin almakashi. Wani dattijo mai aikin huluna da ke shagon gaba ya leƙa ya daɗe.

"Alhaji, ni ma fa ina da sugan nan. Amma ni idona garau yake."

"Nawa ma da garau yake, Malam. Ranar Litinin zan koma ɗaukar hoto, ka shirya mu tafi tare. Ka taho da yaron da zai riƙe ka, don abin da suke ɗigawa sai ya yi awanni kafin ka ga hanya sosai. Kuma ka zo da katin asibitinka na suga, za su tambaya."